Lodin Iri Zuwa Tudun Aduwa

Kaya na farko da aka bari na ɗaure da hannuna a tashar Tanut keken ɗinki ne na wani tela da zai koma Gangara. Na ɗora shi can sama a kan buhunan gishiri, na ja igiya har tafin hannuna ya yi ja, na sauko ina jiran yabo. Maigidana Baba Gaji, wanda shi ne babban kamisho na layinmu a lokacin, ya zagaya motar sau ɗaya, ya sa kafaɗa ya girgiza ta. Keken ya yi rawa.

"Isufu, wannan keken da me mutumin nan yake ci da iyalinsa?"

Na ce, "Da shi, Baba."

"To ka ɗora abincin gida guda a inda ramin farko zai jefar da shi. Hau ka kwance."

Na hau na kwance. Ya sa na cire kan keken daga ƙafafunsa, aka naɗe shi cikin bargo, telan ya rungume abinsa a cinya. Ƙafafun kuma aka kwantar da su tsakanin buhuna. Ranar na fara gane cewa kamisho ba mai ihun kiran fasinja ba ne kawai.

Ina ba ku wannan labari ne, samari, saboda tun da Salisu ɗan ƙanwata ya buɗe rukunin nan na salula, inda mutanen ƙauye ke aiko murya a riƙe musu wuri, nake jin kuna cewa aikin tasha ya zama wasan yara. Kun nuna mini yadda a manyan birane waya ke haɗa mutane masu tafiya hanya ɗaya ta sa su mota ɗaya. Na gani, kuma ya burge ni. Ni ne mutum na farko da ya ce wa ƴan sandika, ƙungiyarmu ta direbobi, a bar Salisu ya yi abinsa. Sai dai aikin da wayar ke yi, shi muka yi shekara da shekaru da ido da ƙafa, kuma yana da kyau ku san abin da ke cikinsa kafin ku gaje shi.

Kayan aikina ba su da yawa. Igiya iri biyu: ta leda mai kauri don buhuna, da robar da muke yankowa daga tsohon tif na taya don kayan da ke son a bar musu numfashi, irin su kwano da kejin kaji. Tanti don ruwa da rana. Sanda mai ƙugiya da nake jawo bakin igiya daga wancan gefen mota. Sauran duk a kai suke. Mai nauyi ƙasa, kuma gaba da tayar baya, ba bayanta ba, in ba haka ba mota za ta riƙa ɗaga hanci cikin yashi. Jarkar kalanzir ba ta kusantar gari ko sukari ko da an rantse maka murfin ya rufu. Akuya a sama ana ɗaure ta fuskarta na kallon baya, don kada iska ta cika mata ido ta yi ta fizga.

Lodin mutane ya fi na kaya wuya, don buhu ba ya fushi. Wanda zai fara sauka shi ne kusa da ƙofa, ko da shi ya fara zuwa. Mara lafiya bakin taga. Matar Fulani da ƙwaryar nononta ba a sa ta a bayan taya, inda mota ke tsalle. Ba'abzine da takobinsa ana ba shi gefe, inda kuben zai kwanta bai soki kowa ba. Wata rana na zaunar da wani saurayi daf da wata dattijuwa, sai na ga ya sauko yana ta gyaran takalmi, ya ƙi komawa. Baba Gaji ya jawo ni gefe ya ce, "Surukarsa ce, sakarai. Gara ya bi mota a ƙasa da ya haɗa kafaɗa da ita." Daga ranar nake kallon yadda mutane ke gaisawa kafin in nuna wa kowa wuri.

Sai kuma sanin lokacin tashi. Mota in ta tashi da rabi, direba ya ƙone mansa a banza. In ka ce sai ta cika maƙil, kasuwa ta watse kafin a isa, mai tumatir ya yi asara. A wasu tasoshi ana zaunar da ƴan zaman banza cikin mota don a ga kamar ta kusa cika. Baba Gaji ya hana wannan a layinmu. Ya ce mutumin ƙauye sau ɗaya za ka yi masa, daga nan ko ka ce masa rana ta fito sai ya leƙa waje. Abin da ya koya mini shi ne in san ranar kasuwar kowane gari, daga Olelewa har Belbeji, in san wa ke jira a bakin hanya, don in iya sakin mota da gurbi biyu ko uku ina da tabbacin za ta cike su a gaba.

Baba Gaji ya rasu kafin mugunyar shekara, don haka ni ta samu a kan layin. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da hatsi ke fid da kai. A kwarin Tarka shanu suka riƙa faɗuwa a bakin rijiya. Kafin rani ya yi nisa mutane sun cinye abin da ke rumbu, suka koma kan irin da suka ajiye na shuka, shi ma suka cinye. Maza suka watse ci-rani, wasu Agadas, wasu kudu. Esansi, wato man fetur, ya yi tsada, fasinja ya yi wuya. Motoci suka riƙa hawa kan duwatsu ɗaya bayan ɗaya, ana cire tayoyinsu ana sayarwa.

Biyu suka rage a layinmu. Illa yana da disnef, ƙaramar bas mai lafiya, wadda ke gudu a kwalta da burji amma ba ta iya yashi ba. Ari kuma, wani Babarbare mai ƙarancin magana, yana da tsohuwar bashe, mai buɗaɗɗen baya da tanti, wadda ke ratsa kowane irin yashi amma injinta ya gaji, tana shan mai kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma. Mutanen nan biyu ba sa ga maciji da juna. Sun taɓa yin faɗa a kan layi, Illa ya ce Ari ya kwashe masa fasinja, har aka je gaban jandarma. Tun daga nan ko a masallacin tasha ba sa tsayawa sahu ɗaya. Kowa ya tashi da rabin mota, su bi hanya ɗaya, su dawo da rabi.

Sai ruwan farko ya sauka, mai yawa, irin wanda ake shuka da shi. Washegari tasha ta cika kamar ana rabon kyauta. Ƴan ci-rani suka yi ta sauka daga manyan motoci, kowa na son ya isa gonarsa kafin ƙasa ta bushe. Ku da kuka tashi a gari ba lallai ku san wannan ba: laimar ruwan farko ba ta jira. Wanda ya shuka a cikinta ya shiga damina, wanda ya makara sai ya jira wani ruwan, kuma a nan ƙasarmu ta Damargu ba wanda zai rantse maka yaushe zai zo.

Cikin taron nan wata dattijuwa ta kama hannun rigata. Sunanta Inna Tabawa, daga Tudun Aduwa, wani ƙauye da ke can cikin yashi, nesa da inda burjin Gangara ya rabu. Ita da wasu mata sun koro sauran awakin garin a ƙasa, sun sayar, sun sayi iri. Buhuna ne jibge a bakin rumfata, na dukan garin, kowane gida da ƙullinsa a ciki.

Ta ce, "Ɗana, an ce kai ne mai raba motoci. Ga irin garinmu. In ya kwana uku a nan, ka sa a dafa shi a ci kawai, don ba shi da sauran amfani."

Na duba buhunan, na duba samarin garin da suka taru a bayanta da akwatunansu. Ko bashen Ari ta yi ta kai da kawowa daga Tanut, sawu ɗaya take iya yi a wuni, kuma man da zai ishe ta babu shi. Motar Illa kuwa ko ta so ba ta kai wa garin.

Kuma a daidai ranar wani Alhaji mai fataucin fatu ya zo yana son ya ɗauki shatar motar Ari zuwa Damagaram. Fata ta yi yawa a shekarar, tun da dabbobi sun mutu. Aiki ne na kwalta, ba wahala, kuma abin da Ari zai samu ya isa ya kai injin wurin makanike. Ari ya daɗe yana jiran irin wannan.

Na same shi ya buɗe gaban mota yana ɗura ruwa. Na ce, "Malam Ari, ina da magana, amma sai ka bari na kai ƙarshe."

"Faɗi."

"Wahalar motarka kwalta ce da burji, nan take ƙone mai a banza. Ka koma mararraba, gindin babban gawon nan, ka zauna can. Illa ya riƙa kawo maka mutane da iri, kai kuma ka riƙa shiga da su yashi. Wanda zai fito daga ƙauye ka kawo shi gawo, Illa ya dawo da shi. Ba motar da za ta yi tafiya wofi."

Ya rufe gaban motar a hankali. "Illa ka ce?"

"Shi."

"Shi ya aiko ka?"

"Bai ma sani ba tukuna."

Ya dubi inda Alhaji ke tsaye da yaransa. Sannan ya ce, "Isufu, ka ji ƙarar injin nan da safe? In na shiga da ita yashi sawu bayan sawu, ban san ko za ta fito ba."

Ban ce masa za ta fito ba, don ni ma na ji ƙarar. Inna Tabawa ce ta matso, ashe tana bayana. Ba ta roƙe shi ba. Ta kwance bakin zanenta ta nuna masa ɗan hatsi a tafin hannu, ta ce, "Malam, ka san irin nan? Ɗan gajere ne, mai saurin nuna. Da ƙyar muka same shi. Na gidana ke nan, tiya biyu. Jikokina shida."

Ari ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza, kamar yadda manomi ke yi. Ya ce da ni, "Je ka gaya wa Alhaji ya nemi babbar mota mai saukowa daga Agadas. Illa kuma kai za ka yi masa magana, ni ba ni yi."

Illa ya fi ba ni wuya. Ya ce shi zai kwaso mutane ya miƙa wa wanda ya kai shi gaban jandarma? Ya ce kuma wa ya san abin da Ari zai karɓa a can cikin daji? Na ce kuɗin mota a hannuna za a biya gaba ɗaya, a tasha, a gaban shugaban sandika, a fara cire na mai, sauran a raba. Na ce masa, "Ba na ce ku shirya ba. Ka sauke a gabas da gawo, shi ya ɗauka a yamma da gawo. Ko kallonsa kada ka yi." Ya yi dariyar da bai shirya ba, ya ce a yi lodi.

Lodin ranar shi ne mafi wuya a rayuwata. Kowa yana da gaskiya, kowa yana da gona. Na ce iri ne zai fara tafiya, kuma kowane gida mutum ɗaya mai ƙarfin riƙe sungumi. Akwati, katifa, rediyo, duk abin da aka sayo a ci-rani, ya zauna a rumfata sai an gama. Wani saurayi ya rungume katifarsa ya ce shekara guda ya yi yana ɗaukar bulo kafin ya saye ta, ba ya barin ta a tasha. Na ce to ya zauna da ita, wani ya hau. Ya tsaya yana huci, sannan ya jefa mini ita ya haye.

Ni ban san gidajen Tudun Aduwa ba, ban san wa ke ɗan wa ba. Inna Tabawa ta ce ita ba ta tafiya sai kowa ya tafi. Ta zauna a kan buhu a bakin ƙofar mota tana nunawa da baki. "Wannan na gidan Maigari ne, ya hau. Wannan ƙanensa ne, ya jira. Wancan uwarsa makauniya ce, ba mai yi mata shuka, a sa shi gaba." Ba wanda ya yi mata musu.

A nan ne zan gaya muku inda wayarku ta fi mu. Ba mu da hanyar sanin abin da ke faruwa a gawo sai Illa ya dawo ya faɗa. A rana ta biyu tayar Illa ta fashe a hanya, Ari ya zauna a mararraba da mota wofi tun hantsi har la'asar, ga mai yana da shi, ga rana tana shanye ƙasa. Da akwai salula, da ya matso ya kwashe fasinjojin inda suka tsaya. Wani sawun kuma na aika mutane da yawa alhali Ari bai fito daga yashi ba, suka yi ta jira ba ruwan sha. Abin da Salisu ke warwarewa yanzu da murya ɗaya, mu wuni guda yake cinye mana. Don haka kada wani tsoho ya ce muku da can ya fi. Bai fi ba.

A wannan ranar ta fashewar taya ne kuma Ari, da ya gaji da jira, ya biyo burji ya tarar da Illa a ƙarƙashin mota, jak ɗinsa ya ƙi ɗagawa. Fasinjoji suka ba ni labari cewa bai yi sallama ba. Ya ɗauko nasa jak ya ajiye kusa da ƙafar Illa, ya koma ya fara sauke buhuna. Illa ya yi aiki da shi, ya goge shi da tsumma, ya mayar masa a bayan mota. Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan.

Sawun ƙarshe ni ma na bi, don aparantin Ari, wato yaron motarsa, ya gudu garinsu shuka, kuma yashi ba a shigarsa mutum ɗaya. Muka ɗauki Inna Tabawa da sauran buhuna da tsofaffin da suka rage. Tun daga gawo injin ke ƙara kamar ana daka a turmin ƙarfe. Muka tsaya muka ɗura ruwa, muka sake tsayawa. Sau biyu motar ta kafe, na sauka na tona gaban taya na shimfiɗa faifan ƙarfe, tsofaffi suka sauko suna turawa da abin da ya rage musu na ƙarfi. Hagu da dama muna wuce mutanen da muka aiko jiya da shekaranjiya, mai sungumi a gaba yana sara, mai iri a baya yana zubawa yana takewa da diddige. Suna ɗago hannu, Ari yana amsawa da ƙaho.

Mun hango rumbunan garin ke nan, a kan tudu na ƙarshe, sai muka ji ƙara ɗaya mai ƙarfi daga gaba, motar ta yi tsit. Baƙin mai ya zubo a kan yashi. Ari bai ko buɗe gaban ba. Ya zare makulli ya sa a aljihu, ya ce, "Isufu, kwance igiya, kada su ɓata lokaci."

Mutanen gari suka sheƙo da gudu suka ɗauki buhuna a ka. Inna Tabawa ta sauko, ta ɗora ƙullinta, ta yi taku kaɗan, sannan ta juyo.

"Malam Ari, za ta tashi?"

"Ba ta tashi, Inna."

"To kai ma kada ka zauna nan cikin rana. Taho ka riƙe mini sungumi, ba ni iya sara da takewa ni kaɗai."

Ya bi ta. Ni na kwana a garin na dawo a kan jaki.

Makanike ya je ya duba, ya ce injin ya tsage, sai dai a sayar da ƙarfen. Sandika ta yi karo-karo, Illa ma ya sa hannu, amma a shekara irin wannan abin da aka tara bai kai ko'ina ba. Ari bai sake mallakar mota ba. Maigarin Tudun Aduwa ya yanka masa gona a gefen ta Inna Tabawa, ya ɗauko iyalinsa daga Tanut, ya zama manomi. Daminar ta yi kyau daidai gwargwado, garin bai watse ba. Tsarin gawo kuma ya zauna: har yau motar kwalta ba ta shiga yashi, motar yashi ba ta zuwa Tanut, kuma a gindin itacen nan yanzu akwai mai shayi da mai faci da mata masu ƙosai.

Ari ya tsufa, idonsa ya rage. Yakan zo kasuwar Tanut da ɗan wakensa ko tunkiya. Duk direbobin layin sun san shi, kowa yana so ya ba shi gidan gaba, kuma ba mai karɓar kuɗinsa. A kasuwar da ta wuce ɗan Illa, wanda ya gaji motar ubansa, ya buɗe masa ƙofar gaba ya ce, "Baba, bisimilla."

Ari ya leƙa ciki, ya shafa kujerar, ya ce, "Akwai mai ciki a layi, na ji muryarta. A ba ta wurin nan."

Ya zagaya baya yana lalube, na riƙe masa hannu ya hau. Kafin ya zauna ya kai hannu ya taɓa igiyar da na ɗaure buhuna da ita, ya ja ta sau biyu.

"Isufu, ka fara tsufa. Ƙara mata ƙulli ɗaya."

Na hau na ƙara.